Tarihin Rayuwar Marigayi Prokudin-Gorski, Mai Hoton da Ya Ƙare Rayuwarsa Yana Farautar Launi

A ɗakin kakarmu a Yasore akwai wani tsohon hoto da ke rataye a bango, sama da jeren kwanoninta. Hoton kakanmu ne yana zaune bisa kujera, sanye da babbar riga da rawani. Hoton baƙi da fari ne, kuma tun muna yara ake gardama a gidan game da launin wannan riga. Ita kaka ta tsaya a kan cewa shuɗiya ce, shi kuwa baffanmu ya rantse kore ce, domin a cewarsa shi ya karɓo ta daga wajen maɗinki. Wannan gardama ce ta faɗo mini a rai lokacin da Edita ya nemi in rubuta tarihin wani shahararren mutum domin wannan fitowa ta mujallarmu. Saboda haka na zaɓi wani mutumin ƙasar Rasha wanda ba a taɓa koya mana sunansa a aji ba, amma wanda ya kashe ƙuruciyarsa da dukiyarsa da tsufansa don kada irin wannan gardama ta taso a kan ƙasarsa.

An haifi Sergei Mikhailovich Prokudin-Gorski a cikin watan Agusta na shekarar 1863, a wani ƙauye mai suna Funikova Gora da ke lardin Vladimir, gabas da birnin Mosko. Ɗan gidan sarauta ne, irin gidajen nan da suna ya fi dukiya yawa. Ya yi karatunsa a birnin St. Petersburg, wanda shi ne babban birnin ƙasar a wancan zamani, inda ya ba da ƙarfi ga ilmin haɗa sinadarai, ya kuma taɓa zane da kiɗa. A shekarar 1890 ya auri Anna Lavrova, ɗiyar wani attajiri mai masana'antar narkar da ƙarfe da tagulla a garin Gatchina, kuma ba da daɗewa ba surukin nasa ya ɗora shi a kan shugabancin hukumar gudanar da kamfanin. Da a ce irinmu ne, da nan labarin ya ƙare: ga mata, ga ofis, ga abinci. To amma a shekarar 1898, yana da shekaru 35, watau kusan shekarun da ni mai wannan rubutu nake ciki yanzu, sai ya shiga sashen masu ɗaukar hoto na Ƙungiyar Masu Fasaha ta Daular Rasha. A 1901 ya buɗe nasa ɗakin ɗaukar hoto da gwaje-gwaje a St. Petersburg. Daga nan bai sake waiwayen wata sana'a da zuciya ɗaya ba.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci matsalar da wannan bawan Allah ya sa a gaba. Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ranar da malaminmu na Fiziks ya sa aka rufe tagogin ɗakin gwaji, ya kawo tocila uku, ya rufe bakin ɗaya da jar leda, ɗaya da koriya, ɗaya da shuɗiya, ya haska su a bango. Inda ja da kore suka haɗu sai muka ga rawaya, inda duka ukun suka haɗu kuwa sai wurin ya yi kusan fari. A ranar dariya kawai muka yi, muka ɗauka wasa ne. Ashe wannan shi ne tushen dukkan hoto mai launi, har da wanda ke fuskar wayar da ke aljihunka. Wani masani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna James Clerk Maxwell ne ya fara nuna haka a Landan a shekarar 1861. Ya sa aka ɗauki hoton wani ƙyalle sau uku, kowane ta bayan gilashi mai launi dabam, sa'an nan aka haska hotunan uku a kan juna da fitilu masu waɗannan launuka, sai ga launin ƙyallen ya bayyana dishi-dishi.

Dalilin da ya sa ya fito dishi-dishi shi ne, maganin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto a lokacin shuɗin haske yake gani sosai, kore da ja kuwa kusan makaho ne a kansu. Sai a 1873 wani Bajamushe, Hermann Vogel, ya gano cewa idan aka gauraya wasu irin rini a cikin maganin, zai fara ganin sauran launukan. Wanda ya gaji kujerar Vogel a babbar makarantar fasaha ta Berlin, Farfesa Adolf Miethe, shi ya ƙara gyara wannan rini, ya kuma tsara kyamarar da za ta yi aikin. Wajensa Prokudin-Gorski ya tafi a shekarar 1902, ya yi 'yan makonni yana koyo, ya komo gida ya shiga haɗa nasa maganin, yana gwadawa yana zubarwa, har ya sami wanda ya gamsar da shi. Tun daga 1906 ya riƙe editan wata mujallar masu sha'awar hoto, inda ya riƙa buga sakamakon gwaje-gwajensa.

Ga yadda aikin yake. Ana zura wani dogon gilashi mai faɗin santimita 9 da tsawon santimita 24 a bayan kyamara. Idan aka buɗe idon kyamarar, sai kashi ɗaya cikin uku na gilashin ya ɗauki hoto ta bayan matacin haske mai launi ɗaya, sai gilashin ya zame ƙasa, kashi na biyu ya ɗauka ta bayan wani launin, haka har na uku. Idan an wanke, abin da za ka gani hoto uku ne baƙi da fari a jere, masu kama da juna, sai dai inda wannan ya yi duhu wancan ya yi haske. Babu ɗigon launi ko ɗaya a jikin gilashin. Launin ba ya fitowa sai an sa shi a majigi mai ido uku, kowane ido da nasa launin, an daidaita su sun hau kan juna daidai a jikin farin allo. Wahalar kuwa ita ce, tsakanin hoto na farko da na uku akwai 'yan daƙiƙoƙi, kuma duk abin da ya motsa a cikinsu zai bar inuwa ja ko koriya ko shuɗiya. Shi ya sa a hotunansa za ka ga ruwan kogi yana walƙiya kamar bakan gizo, hayaƙi ya rabu launi-launi, ko kuma yaron da ya kasa tsayawa cik ya fito da kai uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layi ranar da mai hoto ya zo makarantarmu, ana yi mana tsawa kada mu ƙifta ido, zai tausaya wa mutumin da ke roƙon manoma da 'ya'yansu su daskare sau uku a jere.

A shekarar 1907 'yan uwan nan biyu na Faransa, Lumière, suka fitar da nasu gilashin mai ɗaukar launi a bugu ɗaya, wanda ya fi sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Prokudin-Gorski ya gwada shi, amma ya zauna a kan tasa hanyar mai wuya, domin ta fi ba da launi mai tsabta da haske idan an haska wa taron jama'a. Taron jama'a kuwa shi ne abin da ke ransa.

Abin da ya fito da sunansa shi ne hoton da ya ɗauki shahararren marubucin nan Leo Tolstoy a gidansa na Yasnaya Polyana, cikin watan Mayu na 1908, shekarar da tsohon ya cika 80 da haihuwa. Kimanin daƙiƙa 6 dattijon ya yi zaune bai motsa ba. An buga hoton a katuna, ya bazu ko'ina cikin ƙasar, labari ya kai fada. A 1909 aka gayyace shi ya haska hotunansa a gaban Sarki Nikolas na Biyu da iyalinsa a fadar Tsarskoye Selo, kuma a nan ne ya bayyana burinsa. Daular Rasha a lokacin ta miƙe tun daga Folan da Finlan a yamma har zuwa tekun Fasifik a gabas. Ƙidayar 1897 ta nuna mutane sama da miliyan 125, kuma kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai ya iya karatu. Shi abin da yake so shi ne ya zagaye wannan ƙasa ya ɗauki hotonta da launinta, koguna da gonaki da masana'antu da wuraren ibada da kabilu, a kai majigi makarantu domin yaron da bai taɓa fita ƙauyensu ba ya ga ƙasarsa da idonsa. Sarki ya amince. Aka ba shi tarago guda na jirgin ƙasa wanda aka mayar ɗakin wankin hoto, da takardun izini biyu da suka buɗe masa wuraren da aka hana shiga, suka kuma wajabta wa ma'aikatan gwamnati taimaka masa. Mu da muke aikin gwamnati mun san darajar irin wannan takarda, mun kuma san cewa takarda ba ta sayen gilashi ko magani.

Daga 1909 zuwa 1915 kusan kullum yana kan hanya, wani lokaci a tarago, wani lokaci a ƙaramin jirgin ruwa, wani lokaci a mota ko keken doki. Ya bi hanyar ruwa ta Mariinsky, ya bi kogin Volga, ya shiga duwatsun Ural inda ake haƙar ma'adinai, ya gangara Kaukasas inda ya ɗauki mata masu tsinkar ganyen shayi a kusa da Batumi. A 1909 ya ɗauki wasu 'yan mata uku na ƙauye riƙe da kwanonin 'ya'yan itace a bakin wani gidan katako, ya kuma ɗauki wani tsoho mai suna Pinkhus Karlinsky, mai shekaru 84, wanda ya shafe shekaru 66 yana gadin ƙofar wata madatsar ruwa. Ni dai ina ganin babu ma'aikacin da zai kalli wannan tsoho tsaye a bakin aikinsa bai yi tunanin tasa fanshon ba. Ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya ma bai zauna ba, ya bi sabon layin dogon da ake shimfiɗawa zuwa Murmansk a can arewa mai ƙanƙara, ya ɗauki fursunonin yaƙi da ke wurin.

Amma tafiyar da ta fi shafarmu ita ce ta ƙasashen Musulmi na tsakiyar Asiya. Ya fara zuwa can ne a watan Janairu na 1907 tare da ayarin masana da suka je kallon husufin rana. Gajimare ya rufe sama, ba su ga abin da suka je nema ba, sai ya juya kyamararsa ga birnin Samarkand. Ya sake komawa a 1911, ya haɗa da Bukhara. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ji ana karanta Sahihul Bukhari ya san sunan wannan birni, domin a nan aka haifi Imamul Bukhari, kabarinsa kuma yana kusa da Samarkand. A waɗannan birane ya ɗauki masallatai da makarantu masu ƙubbobin da aka lulluɓe da shuɗin tangaran, ya ɗauki mai sayar da kankana a rumfarsa, da ɗan kasuwa zaune a tsakiyar yadudduka masu ratsi-ratsi, da malamin Yahudawa da almajiransa, har da fursunoni suna leƙe ta bayan ƙarafan gidan yari. In ka cire yanayin fuskokin mutanen, sai ka ce wata kasuwa ce a birnin Katsina ko Kano.

A wannan tafiya ce ya ɗauki hoton da ya fi kowane suna a cikin aikinsa, hoton Sarkin Bukhara Muhammad Alim Khan, wanda bai daɗe da hawa gadon mahaifinsa ba. Ga shi nan zaune bisa kujera a gaban wata ƙofar katako, ƙaƙƙarfan mutum mai gemu, da farin rawani, da rigar alharini shuɗiya shar mai zanen furanni, da ɗamara ta zinariya, da lambobin girma a ƙirji, da takobi a hannu. Shuɗin rigar nan kai ka ce jiya aka fito da ita daga marina. Bukhara a lokacin tana ƙarƙashin ikon Rasha tun 1868, sarki na kan gadonsa amma wuƙa da nama suna hannun baƙi, tsarin da mu ma muka sani bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Hausa a 1903. A daidai wannan zamani Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ke kan gado, tun 1906. Hotunan Sarki Dikko da muka saba gani a littattafai da bangon ofisoshi baƙi da fari ne, launin alkyabbarsa sai dai mu tambayi tsofaffi ko mu ƙiyasta. Na takwaransa na Bukhara kuwa ga shi a fili, don kawai wani mutum ya ɗauko gilasai da kwalaben magani daga St. Petersburg ya kai su can. Wani abin mamaki, Sarki Dikko da Sarki Alim Khan da mai hoton nan duk a shekara ɗaya suka rasu, watau 1944.

Ba zan ɓoye wa mai karatu aibin aikin ba. Mutumin fada ne, da izinin fada yake yawo, kuma ƙasar da ya nuna ƙasa ce mai natsuwa, ga coci-coci masu farin fenti, ga gadoji sababbi, ga manoma cikin kayan ado. Wanda ya dogara da hotunansa kaɗai ba zai gane cewa an yi bore a ƙasar a 1905 ba, ko kuma cewa tukunya na tafasa a ƙarƙashi. Wani ɓangare na wannan laifin kyamarar ce, wadda ba ta iya kama abin da ke gudu, wani ɓangaren kuwa zaɓinsa ne.

A 1917 tukunyar ta fashe. Sarki Nikolas ya sauka daga mulki, 'yan gurguzu suka karɓi ƙasa, a watan Yuli na 1918 aka harbe sarkin da matarsa da 'ya'yansa. A watan Agusta na wannan shekara Prokudin-Gorski ya fice zuwa Norway, daga nan Ingila, daga bisani ya zauna a Faransa tun 1922. Bai sake taka ƙasarsu ba. Shirin kai majigi makarantu ya mutu ba tare da an fara shi yadda ya tsara ba. Ya dai samu an fitar masa da wani kaso mai yawa na gilasansa, amma hukuma ta riƙe waɗansu, musamman waɗanda ake ganin suna nuna wuraren da suka shafi tsaro. Shi ma Sarkin Bukhara bai daɗe ba, domin a 1920 sojojin 'yan gurguzu suka ci birnin, ya gudu, ya ƙare rayuwarsa a Kabul ta ƙasar Afghanistan.

A gudun hijira ma bai bar gwaji ba. Tun kafin yaƙi ya fara neman hanyar yin fim ɗin sinima mai launi, a Ingila kuma ya ci gaba da wannan, ya yi rajistar wasu dabarunsa, amma manyan kamfanoni masu jari suka riga shi kasuwa. Ya sake aure a 1920, ya auri Maria Shchedrina wadda ke taimaka masa a aiki. A Paris ya buɗe ɗan shagon hoto tare da manyan 'ya'yansa, suka sa masa suna Elka, sunan ƙaramar ɗiyarsa. Lokaci-lokaci yakan haska tsofaffin hotunansa ga 'ya'yan 'yan gudun hijirar Rasha, yaran da aka haifa a waje ba su taɓa ganin ƙasar iyayensu ba. Su ne 'yan makarantar da ya samu a madadin miliyoyin da ya yi niyya. Yana raye kamfanin Kodak ya fitar da fim ɗin Kodachrome a 1935, wanda ya sa kowane mai 'yan kuɗi zai iya ɗaukar hoto mai launi da latsawa ɗaya, aikin da shi ya sha wuyarsa fiye da shekaru 30. Ya rasu a Paris ranar 27 ga Satumba, 1944, yana da shekaru 81, wata ɗaya bayan an kori sojojin Jamus daga birnin. An binne shi a maƙabartar Rashawa ta Sainte-Geneviève-des-Bois.

Gilasan kuwa sun yi shekarun yaƙi a jibge a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a Paris, inda damshi ya ɓata waɗansu. A 1948 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saye su daga hannun magadansa: gilasai 1,902, tare da kundayen da ya manna ƙananan hotuna baƙi da fari ya rubuta sunan kowane wuri. Suka shiga ma'ajiya a Washington suka kwanta, domin haɗa hoto uku su zama ɗaya da hannu aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, ko da yake an buga waɗansu a wani littafi a 1980. Sai a shekarar 2000 aka shigar da su duka cikin kwamfuta, wadda ke iya ɗora ja da kore da shuɗi a kan juna cikin sauƙi. A 2001 aka baje kolin waɗanda aka gyara, a 2004 kuma aka haɗa dukkansu. An sa su a intanet kyauta, kuma ta nan ne ni ma na fara cin karo da Sarkin Bukhara a wani dare da nake jami'a, na yi ta musu da abokin ɗakina cewa ba yadda za a yi wannan hoto ya kasance na 1911.

Da na je gida hutun ƙarshen shekara na nuna wa ƙannena hotunan a waya, sai hira ta koma kan namu yankin. 'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da suka fito daga Batsari da Safana sun san yadda rashin tsaro ya taɓa ƙauyukan bakin dajin Rugu a 'yan shekarun nan, sun san rugage da unguwannin da muka sani muna yara waɗanda mutanensu suka watse. Na tambayi waɗanda ke wurin ko akwai mai hoton ɗaya daga cikinsu, ko na kasuwa, ko na rijiya, ko na shanu suna komowa da yamma. Kowa na da waya mai kyamara a hannu, amma aka rasa. Hotunan biki da na Sallah ne suka cika wayoyin.

Shi kuwa hoton kakanmu, wani ƙanena ya ɗauke shi da waya ya sa a wata manhaja mai shafa wa tsofaffin hotuna launi. Wannan ba irin aikin Prokudin-Gorski ba ne, domin shi hasken ranar da aka ɗauki hoton ya auna sau uku ya adana, ita kuwa manhaja canka take yi. Ta ba rigar launin ƙasa-ƙasa, wanda babu ko ɗaya daga cikin masu gardamar da ya taɓa ambata. Kaka ta rasu a kan cewa shuɗiya ce. Baffa har yanzu yana nan a kan kore.